Filatinam ko Zinare: Wanne Za a Saya?

Tun da aka shiga haɗa lefen ƙanwata, mata ke ta tambayata: Hajiya, filatinam ko zinare? Shi filatinam farin ƙarfe ne mai daraja da ake kayan ado da shi.

A kuɗi dai, a 2008 filatinam ya fi zinare tsada, amma tun wajen 2015 zinare ya wuce shi. A ƙarko kuwa filatinam ne gaba. Ya fi nauyi a hannu, farinsa ba ya dusashewa, kuma sai wuta ta kai digiri 1,768 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa, zinare kuwa 1,064.

To nan matsalar take. Maƙerin da zai faɗaɗa miki zoben zinare kina zaune kan benci, in kin miƙa masa filatinam sai ya jujjuya shi ya ce azurfa ce. Ranar da buƙata ta taso, ɗan kunnen zinare ki kai shi babbar kasuwar Sakkwato, a ɗora a sikeli, ki dawo da kuɗinki kafin la'asar. Filatinam, wanda akasarinsa daga Afirka ta Kudu ake haƙo shi, sai kin nemi masani.

Mai ajiya don gobe, zinare ya dace da ita. Wadda ke son zoben da za ta sa shekara da shekaru ba da niyyar sayarwa ba, ta ɗauki filatinam, ta duba hatimin 950 a cikinsa, wato alamar cewa kashi 95 cikin ɗari na zoben filatinam ne.