Rumfar Inna mai farfesun kifi a Badariya, bayan wata huɗu ina cin abincinta

Wata bakwai ke nan da aka yi mini tiyatar rage tumbi a Alƙahira. An yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbina, abin da ya saura siriri ne mai siffar ayaba. Na tafi da nauyin kilo 131, ga suga ga hawan jini, ga gwiwoyin da suka sa nake salla a kan kujera. Tun da na dawo 'yan uwa da abokai ke tambayata me nake ci yanzu, musamman da rana in ina wurin aiki. Amsar ita ce wata rumfar abinci da ke Badariya, a nan Birnin Kebbi.

Satuttukan farko ba su ba ni wahalar neman abinci ba, don ina gida. Sati biyu ruwa-ruwa kawai, tataccen romo da madara marar maiƙo. Sai sati biyu na abin da aka markaɗa ya zama kamar kunu, sannan abinci mai taushi. Uwargida ce ta sha wannan ɗawainiya, Allah ya saka mata. Wahalar ta fara ne da na koma aiki a sati na takwas. Gidana yana Gwadangaji, ba zan iya komawa kowace rana ba, kuma mai ƙaramin tumbi ba ya wuni da yunwa ya rama da dare. Sai dai kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida.

Ranar farko wani babban gidan abinci na shiga, na sayi dafa-duka da soyayyen naman sa. A loma ta uku naman ya tsaya mini a ƙahon zuciya, yawu ya riƙa taruwa a bakina, na fita da sauri na amayar. Na biya kuɗin faranti cur, na bar shi kamar ba a taɓa ba. Da na roƙi a riƙa sayar mini da rabi, aka ce ba a yi.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin Inna. Rumfar kwano ce mai benci uku, tukwane biyu a kan murhu, ba allon suna. Ta ce daga Yawuri ake kawo mata kifi, wani lokaci daga Argungu, yawanci tarwaɗa da ƙarfasa. Na ce, "Inna, kifi guda ɗaya zalla nake so, ban da tuwo, ban da shinkafa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗana, lahiya kake? Wanga ɗan abu zai riƙe ka?" Na yi mata bayanin aikin da aka yi mini. Ba ta ja zancen ba, ba ta kuma tambaye ni me ya kai ni ba, kamar yadda mutane suka saba. Cewa ta yi, "Allah shi ƙara sauƙi. Gobe ka zo da wuri, in cire maka naka kahin in zuba tonka."

Haka kuwa aka yi, kuma wannan shi ne babban abin da nake yaba mata. Tana ɗebe nawa a ƙaramar tukunya kafin yaji da mai su shiga, ta sa daddawa da citta kaɗan, ta rage gishiri saboda hawan jinina. Rabin kuɗi take karɓa, don rabin kwano take zubawa.

Akwai dalilin da ya sa kifi ya dace da irinmu. An ce mini in riƙa samun giram 60 zuwa 80 na furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, kullum, alhali a lokacin abin da cikina ke ɗauka bai wuce rabin kofin shayi ba. Kenan duk lomar da ta shiga sai an yi lissafinta: mai gina jiki tukuna, sai ganye, in da sauran wuri sannan a taɓa tuwo. Giram 100 na kifi yana ba da wajen giram 20 na furotin, ƙwai ɗaya kuma wajen 6. Tarwaɗar da ta dahu cikin romo tana narkewa a baki, ba ta tsayawa kamar busasshen nama. Ƙarfasa ta fi ta ƙarancin kitse, amma ƙayarta na buƙatar natsuwa.

Romon kansa sai da muka yi masa dabara. Ba a so mu haɗa ci da sha, sai an ba da tazarar kamar minti 30, don ruwa yana cinye ɗan wurin da ake da shi, ko ya tura abincin gaba da wuri. Saboda haka Inna na ba ni kifin da ɗan jiƙe-jiƙe kawai, sauran romon ta juye mini a filas, in sha a ofis bayan azahar. Yarinyar da ke taya ta kuwa ta fi sati biyu tana ajiye mini ruwan leda kusa da kwano kafin ta saba.

A wannan rumfa na riƙa gwada sauran abinci, ɗaya bayan ɗaya, don in wani ya ƙi in san wane ne. Alala da ƙwai ta karɓe ni tun ranar farko. Soyayyar awara ta yi mini nauyi, sai Inna ta koma jefa mini ita cikin miya ta dahu, shi ke nan ta zauna lafiya. Zogale sai ya dahu liƙis. Hanta ma na ci, an yanka ƙanana. Dambun kaza, wanda na ɗauka zai fi komai sauƙi tunda a dake yake, shi ya fi shaƙe ni, saboda bushewarsa.

Tuwon shinkafa ne ya fi taɓa mini zuciya. A Kabi shinkafa ce abincinmu, da ita na tashi, kuma har yau loma ɗaya ta kan zauna mini a ƙirji kamar dutse saboda danƙonta. Tuwon dawa mai laushi da miyar kuɓewa ya fi wucewa, shi ma loma biyu ƙanana. Na kan bar abin da ya ƙi ni sati biyu ko uku in sake gwadawa, wasu sun karɓe ni a karo na biyu. Tsire da kilishi ban ma kusance su ba tukuna.

Wurin yana da nasa aibu, kuma ba zan ɓoye ba. Ran Juma'a, in mutane suka yi yawa, takan manta da tukunyata, sai in tarar an riga an zuba mai da yaji, in koma da dafaffen ƙwai biyu. Ba ta da firji, saboda haka bayan ƙarfe biyu kada ka sa ran kifi. Da bazara ƙuda na damun mai ci a hankali irina, ga hayaƙin murhu. In tana da biki ko rasuwa sai dai ka zo ka ga rumfa a rufe. Sau ɗaya kuma ta ba ni kyautar fura da nono da aka zuba wa sukari sosai, na ji nauyin in mayar mata, na sha. Ba a yi minti 20 ba zufa ta keto mini, zuciya na bugawa, jiri na ɗibata, sai da na kwanta a mota. Likita ya riga ya gargaɗe ni cewa zaƙi mai yawa kan zarce cikin hanji da sauri ya jawo haka. Da na gaya mata ta damu ƙwarai, tun daga ranar nono zalla take aje mini, ba sukari.

Abincinta, duk kyansa, bai ɗauke mini shan bitamin B12 da D da maganin ƙarin jini da kalsiyam ba, kuma ina zuwa gwajin jini a kan lokaci. Wanda bai wuce matakin markaɗaɗɗen abinci ba kada ya zo, ya jira izinin likitansa.

Ɗan kifin nan yakan ɗauke ni minti 25, don kowace loma sai na tauna ta ta zama kamar kunu. Benci uku ne kawai, masu jira na tsaye a kaina. Wata rana wani ɗan kabu-kabu ya ce, "Alhaji, a taimaka a tashi mana." Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ku bar shi, magani shi ka ci." Ba wanda ya sake yi mini magana tun ranar.

Satin da ya wuce ta dafa naman rago har ya saki ƙashi, ta ɗebo mini tsoka biyu ƙanana cikin miyar kuka. Na cinye su, suka zauna. Ta ce bayan sati biyu za mu sake gwada tuwon shinkafa, za ta tuƙa nawa da ruwa-ruwa.