Wattpad ga mai saka tasa jarumar a labarin da aka sani

Babban amfanin Wattpad, manhajar rubuta labarai da karanta su, shi ne sharhin da masu karatu ke ajiyewa a gefen kowane sakin layi. In ka ƙirƙiro taka jarumar ka cusa ta cikin labarin wani fim, nan za ka ga daidai jimlar da aka juya mata baya. Galibi laifin ɗaya ne: jarumar taka ta fi kowa kyau da wayo, asalin jarumin ya koma ɗan rakiya. Wani lokacin kuma mugun da ka rubuta don a tsana, shi ake yi wa addu'a.

Sa sunan fim ɗin a alamomin bincike, don kada labarin ya nutse. Tallan tsakanin babi na cin data, kuma tun 2024 aka cire damar aika saƙon sirri tsakanin masu amfani da manhajar.