Sharhi: washa goma da suka daidaita min regiletar bindigar iska

Wata huɗu ke nan da na sayi wani ɗan ƙunshi na washa masu doro, irin waɗanda ake jerawa cikin regiletar bindigar iska su yi aikin sifirin. Na ƙi yin rubutu a kansu da wuri don ina so in ga yadda za su zauna bayan harbi mai yawa. Yanzu na ƙarar da gwangwani uku na harsashin dalma a kansu, ina ganin zan iya magana.

Ina zaune a Ingila ne, kuma ranar Asabar nakan je wani kulob na harbin allo a bayan gari. Bindigata irin wadda ake ɗura wa iska ce, bakinta milimita 4.5, na hannu na saye ta. Silindarta tana ɗaukar iska har bar 232 (bar ma'aunin matsin iska ne). Aikin regileta shi ne ta tsaya tsakanin wannan silinda da bawul, ta riƙa tsakuro iska a matsi guda tana zubawa a wani ɗan ɗaki, domin harbin farko da na tamanin su fita da gudu ɗaya. A nan ƙasar akwai wani dalili na daban da ke sa mutum ya damu da wannan. A Ingila da Wales, bindigar iska da ƙarfinta ya haura fut-fam 12, wato jul 16 da 'yan kai, sai da lasisin makami ake riƙe ta. Da dalma mai nauyin giren 8.44, iyakar tana faɗowa wajen ƙafa 800 a daƙiƙa. Ni a 775 nake son tsayawa, in bar wa doka fili. Regiletar da ke hawa da sauka yadda ta ga dama tana iya jefa mutum cikin abin da bai shirya ba.

Abin da ya kai ni ga buɗe ta shi ne sukurun saiti. Na so in sauke matsin zuwa bar 85, amma kwata ɗaya na juyi sai in ga geji ya yi tsalle da fiye da bar 20. In na matsa kaɗan na wuce, in na dawo kaɗan na gaza. Kuma kowane gwaji sai na zubar da iskar silinda kakaf tukuna, domin ba a ɗaure wannan sukurun da iska a ciki, yana tauna mazaunin da ke toshe iskar. Mai hura silinda da famfon hannu ya san abin da hakan ke ci a kafaɗa.

Wani dattijo a kulob ɗin, tsohon injiniya, shi ya dube ni ina fama ya ce, “Ɗana, bar sukurun nan ya huta. Je ka ga yadda aka jera washar.” Da na kwance sai na tarar da guda goma sha biyu, faɗin kowace milimita 10, ramin tsakiya 5.2, kauri 0.5. An jera su bibbiyu, kowace biyu ɗaya cikin ɗaya, sannan ma'auratan shida suna fuskantar juna.

A nan duk maganar take. Washar nan ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, tana da ɗan doro kamar malfar da aka yanke wa tsini. In an danna ta sai ta nemi bajewa, in an saki ta dawo. Wani Bafaranshe, Julien Belleville, ya yi rajistar ƙirar a Dunkirk a 1867, shi ya sa har yau ake kiranta da sunansa. Hanya biyu ake jera ta. In ka sa ɗaya cikin ɗaya kamar yadda mata ke jera ƙore bayan wanki, ƙarfin ya ninka amma tafiyar tana nan yadda take. In ka kifa ɗaya a kan ɗaya baki da baki, kamar ƙwaryar fura da murfinta, ƙarfin bai ƙaru ba, tafiyar ce ta ninka, jerin ya yi laushi. A cikin regileta iskar da ta riga ta wuce ita ke tura fistin, fistin ya danne jerin washar, har kansa ya kai ga mazauni ya toshe hanya. Da an yi harbi matsin ya faɗi, washa ta mayar da fistin baya, iska ta sake shigowa. Sukuru yana faɗin nisan da fistin zai yi kafin ya rufe ne kawai. Yawan matsin da kowane ɗan nisa ke ci, jerin washa ne ke yanke shi.

Na auna fistina na ga filin da iska ke turawa wajen murabba'in milimita 30 ne. A bar 85 ƙarfin turin ya kama niyuton 255, kamar ka ɗora kilo 26 a kan abin da bai kai ƙwandala ba. Teburin masu ƙera irin wannan washar ya nuna guda ɗaya mai kauri 0.5 tana ɗaukar wajen niyuton 325 idan an danne kashi 75 cikin ɗari na doronta, kuma nan ne iyakar da suke ba da shawarar a tsaya. Biyu a haɗe ke nan 650. Ashe jerin da na gada an yi shi ne don matsi mai yawa, ni kuma ina amfani da ɗan bakin-bakinsa kawai. Ba lalacewa ya yi ba, ba aikinsa na ba shi ba.

Ƙunshin da na saya daga wani ɗan shago a intanet ya zo da washa kala uku, masu kauri 0.25, 0.4 da 0.5, da zoben roba na canji, da mazauni sabo guda biyu. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ƙarfen mai kyau ne, da na bi su da ma'aunin kauri ɗaya bayan ɗaya ban ga wadda ta kauce ba. Amma abu biyu sun ɓata min rai. Ledojin ba rubutu, kuma ba wata takarda da ta nuna wane jeri ya dace da wane matsi. Da ido ba ka raba 0.4 da 0.5, alhali taurin washa yana bin kauri sau kauri sau kauri ne, wato 0.4 kusan rabin taurin 0.5 take da shi. Wanda ba shi da ma'auni zai gauraya su bai sani ba, kuma a jeri guda siraran su ke fara bajewa su gaji kafin masu kaurin su motsa sosai. Ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi fashewa take yi. Na biyu, uku ko huɗu daga cikinsu suna da ɗan kaifi a bakin ramin, wanda zai iya kartar jikin fistin. Sai da na shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi na goge su.

Gwajina na farko kuskure ne, kuma ina so a ji shi domin mai haɗari ne. Na ɗauka tunda laushi nake nema, bari in sa masu 0.4 ɗai-ɗai. Ina hura iska ina kallon geji, ya wuce 85, ya wuce 100, bai tsaya ba. Washar ta baje sarai kafin fistin ya kai mazauni, ta koma dunƙulen ƙarfe, iskar silinda tana wucewa kai tsaye. Allah ya sa a kan na'urar gwaji nake yi ba a cikin bindiga ba, na rufe na saki iskar. Mai shirin wannan aiki ya sayi na'urar gwajin nan tare da washar, kada ya ce zai gane da harbi.

Na biyu shi ne wanda ya zauna: guda goma masu 0.5, ɗai-ɗai, baki da baki. Abin da ya faranta min shi ne tsawon bai canja ba. Ma'aurata shida na da, kowane milimita 1.25, sun ba da 7.5. Goma ɗai-ɗai, kowace 0.75, su ma 7.5. Sai dai sabon jerin ya fi tsohon laushi sau uku da ɗoriya, don haka sai da na warware sukurun wajen juyi biyu kafin matsin ya hau inda nake so. Yanzu kwata na juyi bar 7 yake motsawa, ko ƙasa da haka kaɗan. A karo na uku na saita sukurun na tsaya a 85.

A filin harbi bambancin ya fito a na'urar auna gudu. Da can a harbi goma nakan ga tazarar ƙafa 18 zuwa 20 a daƙiƙa tsakanin mafi sauri da mafi nawa. Yanzu da wuya ta wuce 8. Ina danganta rabin wannan da gogayya, domin washa biyu da ke kwance cikin juna suna gugar juna duk lokacin da suka motsa, ba sa dawowa daidai inda suka tashi. Ɗai-ɗai kuwa bakinsu kawai ke taɓawa. Ɗakin iskar ma ya fi saurin cika bayan harbi, tunda ɗan faɗuwar matsi yana buɗe fistin sosai. Giris ɗin silikon na shafa musu, ɗan kaɗan a kan yatsa. Man inji ko wani abu na fetur ba ya shiga wurin iska mai wannan matsi, yana iya kamawa da wuta.

Akwai abin da washar ba ta gyara ba, kuma da farko na yi zaton za ta gyara. In bindigar ta kwana, geji yakan hau da bar 6 ko 7 a hankali, harbin farko da safe ya fita da rauni saboda gudumar da ke bugun bawul ba ta iya buɗe shi sosai. Sabon jeri bai taɓa wannan ba ko kaɗan. Sai da na canja mazaunin, wanda na ga tsohon ya yi zobe mai zurfi inda ake ta ɗaure shi da iska a ciki, sannan hawan ya ragu zuwa bar 1 ko 2. Haka nan bayan harbi ɗari na farko matsin ya sauka da bar 3, washar ta zauna, na sake saitawa sau ɗaya. Tun daga nan bai motsa ba.

Zan sake saye a wurin masu shagon nan, kuma na rubuta musu cewa su riƙa manna lamba a jikin leda. Amma jerin nan nawa ba na kowa ba ne. A fistina, ɗai-ɗai masu 0.5 sun kai kashi 75 ɗinsu a wajen bar 108, don haka mai lasisi da ke son 130 ko 150 bibbiyun da na cire su ne nasa. Na adana su a ledar da na rubuta wa kauri da tsari, tare da hoton da na ɗauka kafin in kwance.