Wace tsohuwar azurfar Jamus za ka fara saya?

Masu tambaya ta wace tala, wato babban kuɗin azurfa na da, za su fara saya in suna so su bi salsalar gidajen sarautar Jamus ta hanyar tsoffin kuɗinsu, ni dai amsata ɗaya ce: ku nemi ta masarautar Saksoni, wadda Jamusawa ke kira Dreibrüdertaler, wato tala ta 'yan'uwa uku.

A fuskarta za ka ga yara uku tsaye kafaɗa da kafaɗa, Kiristiyan na biyu a tsakiya, ƙannensa Yohan Jorj da Agusta a gefe. Mahaifinsu Kiristiyan na ɗaya ya rasu a 1591 babban cikinsu yana ɗan shekara takwas, sai aka ba Firedirik Wilhelm na Waima riƙon ƙwarya har 1601. In ka jera guda uku ko huɗu na shekaru daban-daban wallahi da idonka za ka ga yaran suna girma a jikin azurfa. Kiristiyan na biyu ya rasu a 1611, Yohan Jorj ya gaje shi ya yi mulki har 1656, shi ne yaƙin shekara talatin ya ci a kan karaga. Daga nan sai ka koma baya zuwa 1485 lokacin da gidan Wettin, wato gidan sarautar Saksoni, ya rabu biyu a Leipzig, ɓangaren Albat da ɓangaren Ernest, kuma daga na Ernest ɗin ne Yarima Albat mijin Sarauniya Biktoriya ta Ingila ya fito. Kuɗi guda ɗaya a tafin hannunka amma ya buɗe maka wannan duka. Ga shi an buga su da yawa a Dresden, shi ya sa farashinsu bai kai na wasu ba.

Ta Brunswik mai hoton mutumin daji riƙe da itace tana da kyau, amma rassan gidan sun yi yawa, sabon shiga zai rikice. Kuɗin 1619 zuwa 1623 kuwa bar su, lokacin ne aka cika su da tagulla.

To yanzu maganar jabu, don nan aka taɓa cuta ta. Na sayi wata a intanet wurin wani mutum da hotunansa suka yi kyau sosai, da ta iso na ɗora a sikeli sai na ga giram 25 da ɗan wani abu, alhali tun dokar 1566 tala ta gaske giram 29 ce da 'yan kai. Na duba bakinta da gilashi sai ga siririn layi ya zagaye ta, alamar zubi aka yi ba bugu ba, ga wasu ƙananan ramuka kamar na ƙuraje a bayan kan yaran. Har yau abin yana min ciwo. Kar ka dogara da mayen ƙarfe kaɗai, masu jabun yanzu sun san wannan dabarar, suna amfani da ƙarfen da ba ya kamawa. Ka sa mai sayarwa ya turo maka nauyi da hoton baki kafin ka biya ko sisi, in ya fara kame-kame ka kama gabanka. Sannan ka duba saman kuɗin daidai tsakiya, da yawa an taɓa liƙa musu kunne ana ratayawa a wuya, daga baya a cire a goge wurin, wannan yana rage daraja sosai kuma ba kowa ke faɗa ba. Wadda aka wanke tana walƙiya kamar sabon cokali ita ma an lalata ta.

Sai kuma azurfar Mariya Tarisa, wadda ta yi yawo a kasuwannin Barno da hanyoyin Sahara, ta Ostiriya ce, kuma 1780 ake rubuta mata har waɗanda aka buga a zamaninmu, kar wani ya sayar maka da ita da tsada wai don ta tsufa.

Tala ta 'yan'uwa uku ta biyun da na saya, a gidan gwanjo na same ta, da lambar kundin taloli na Davenport a takardarta, ta 1598 ce, giram 29 cif.