Dark Shadows: na asali ko na 1991? Ga amsata

Ɗan uwa da ka ce ka rasa wanne za ka saya tsakanin tsohon Dark Shadows, shirin talabijin ɗin nan na Amurka mai ban tsoro, da wanda aka sake yi a 1991, ni dai duka biyun suna ɗakina, kuma wallahi na asalin za ka saya, kar ma ka tsaya dogon tunani.

Nawa wani yayana ne ya taho min da shi daga Amurka, babban kwalin nan da aka yi shi da siffar akwatin gawa, faifan DVD 131 a ciki, ranar da ya iso gida Hajiyarmu cewa ta yi a fitar mata da wannan abin daga falo. Ba a yi wata biyu ba ita ce ke tambaya ta bayan isha'i ko yau za a saka Barnabas, wato jarumin shirin, turancin ma ba ji take sosai ba ni nake fassara mata, amma da aka zo wurin Angelique ba ta buƙaci tafinta ba, ta ce ai wannan kishi ne tsagwaronsa. Kuma gaskiyarta, Angelique 'yar aiki ce a gidan su wata Josette, Barnabas ya yi soyayya da ita sannan ya juya zai auri Josette, ita kuma Angelique ashe matsafiya ce, ƙarshe ta tsine masa jemage ya cije shi ya koma mai shan jini. Duk wannan yana cikin ɓangaren da labarin ya koma shekarar 1795, nan ne na fi so a duk shirin, na maimaita shi ya fi sau uku.

Tashar ABC ce ta riƙa nuna shi da rana Litinin zuwa Juma'a daga Yunin 1966 zuwa Afrilun 1971, kashi 1,225, shi ya sa mutanen gidan Collinwood, gidan da labarin yake faruwa, suke zama kamar dangi a wurinka, kullum minti ashirin da 'yan kai kana tare da su. Farkonsa yana da sanyi gaskiya, Victoria Winters ta zo garin Collinsport a jirgin ƙasa aikin rainon yaro, ana ta ɓoye-ɓoyen sirrin gida, har shirin ya kusa mutuwa saboda ƙarancin 'yan kallo, sai a 1967 Dan Curtis, wanda ya ƙirƙiro shirin, ya shigo da ɗan wasa Jonathan Frid a matsayin Barnabas Collins, da niyyar ya yi 'yan makonni a kashe shi, sai jama'a suka kamu da tausayinsa don shi kansa baya son halin da yake ciki. Daga nan ne 'yan makaranta suka fara rugowa gida don kar ya wuce su.

Kuma ka sani kusan kai tsaye suke ɗauka ba a cika yankewa a sake ba, za ka ga inuwar makirfo a bango, ɗan wasa ya manta maganarsa ya gyara a gabanka, wani lokacin dutsen kabari ya yi motsi, ni wannan ne ma yake sa na ji kamar ina zaune a wurin da ake yin wasan, ga kiɗan Bob Cobert da igiyar ruwa tana dukan duwatsu a farkon kowane kashi, har yau tsigar jikina na tashi. Na farko-farkon baƙi da fari ne, a cikin 1967 suka koma mai kala.

Na 1991 kuwa, Ben Cross da ya fito a Barnabas ya yi ƙoƙari, hoton ma ya fi kyau, amma kashi 12 ne kawai, labaran yaƙin Gulf suka yi ta ture shi aka dakatar, kana fara sabawa da su an gama. Sau ɗaya na kalla na ajiye.

In kuɗinka bai kai na akwatin ba nemi Collection 1, daga kashi na 210 ya fara daidai shigowar Barnabas, faifai huɗu ne, in ya maka sai ka ci gaba a hankali, waɗanda aka rubuta The Beginning a jiki, wato na kafin shigowar Barnabas, ka bar su sai daga baya.

Dan Allah ka kula da masu saidawa a intanet, wani zai sa hoton akwatin ya ce "cikakke" ya turo maka faifai goma na kwafi da aka cusa komai a ciki hoto duk ya dushe, wani kuma fim ɗin Johnny Depp na 2012 zai miƙo maka ya ce ai duk ɗaya ne. Ka ce ya ɗauko maka bidiyon faifan yana ƙirgawa, ka duba sunan MPI, kamfanin da ya fitar da faifan, a jikin kwalin, ka tambaya ko zai yi a na'urarka, kuma kar ka tura kuɗi gaba ɗaya kafin kaya su iso hannunka.