n8n tsakanin GitHub da Clockify: ya iya kai saƙo, amma kar ka sakar masa agogo

Duk mai rubuta manhaja da ake biyansa bisa awa, ko wanda oga ke tambayarsa ina lokacinka ya tafi a wannan makon, ya san ciwon kan nan. Aikin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin manhaja, lissafin lokaci yana wani waje daban, kai kuma kana tsakiya kana kwafo sunan aiki daga nan kana mannawa can, ran da ka manta kuwa sai ka zauna ƙarshen wata kana kintacen awanni da ka. GitHub tun kafa shi a 2008, har Microsoft ta saye shi a 2018, har yau bai zo da agogon aiki nasa na kansa ba, dole sai ka haɗa shi da wani abu. Ni da n8n nake haɗa shi da Clockify, manhajar lissafin lokacin aiki, kuma gaskiya ra'ayina a kansa kashi biyu ne: wajen kai saƙo da rubuta sunan aiki yana burge ni sosai, amma auna lokaci ba aikinsa ba ne, ko da kuwa zai yarda ka ɗora masa.

Ga wanda bai san shi ba, Jan Oberhauser ne ya fito da n8n a 2019 a Berlin ta ƙasar Jamus. Allo ne da kake jera akwatuna kana haɗa su da layi, akwatin farko yana jiran wani abu ya faru, na bayansa su yi abin da ka ce. Abin da ya ja ni gare shi shi ne kana iya ɗora shi a kan sabarka, wato kwamfutarka da ke aiki ba dare ba rana, makullanka da bayanan kwastoma ba sai sun bi ta hannun wani kamfani na uku ba. Amma fa a kula, lasisinsa ba irin na buɗaɗɗiyar manhaja ba ne ɗari bisa ɗari, za ka iya amfani da shi a cikin harkar kamfaninka, ba za ka ɗauka ka sayar wa mutane a matsayin naka sabis ɗin ba.

Inda ya fi yi min amfani abu ne mai sauƙi ƙwarai. An buɗe sabon ishu a GitHub, wato rahoton matsala ko aikin da za a yi, akwatin GitHub Trigger ya karɓi saƙon nan take, akwatin Clockify ya buɗe aiki a ƙarƙashin furojek ɗin da ya dace da wannan rumbun kod ɗin, da lambar ishu a gaban sunan. An rufe ishu, aikin ya koma cikin waɗanda aka gama. Shi ke nan. Za ka ce ai wannan ƙaramin abu ne, to jira ka ga rahoton ƙarshen wata na tawagar da kowa ke rubuta suna yadda ya ga dama, wannan ya rubuta gyaran shiga, wancan ya rubuta matsalar fasuwod, na uku ya bar wurin fayau ba komai, alhali duk aiki ɗaya suka yi. Da zarar sunan yana zuwa daga waje ɗaya rahoton sai ya zama abin karantawa, kwastoma ya ga lambar ishu ya ga awannin da suka shiga cikinsa, gardama ta ragu. Shawara ɗaya nan: ka riƙa nemo aikin da lambar ishu ba da sunansa ba, don mutane suna canza suna kullum, lamba kuwa ba ta motsi.

Ana kuma iya juya shi ta ɗaya gefen, Clockify ya faɗa wa GitHub awa nawa suka tafi a kan ishu. Yana aiki, sai dai ka tara na yini ɗaya ka tura a dunƙule, in ba haka ba duk lokacin da wani ya tsayar da agogo sai imel ya sauka wa duk masu bibiyar ishun, ba a daɗewa za su fara tsanarka.

To yanzu wajen da nake son mutane su saurara. Kusan duk wanda ya fara wasa da wannan haɗin tunanin farko da ke zo masa shi ne bari in sa komit, wato ajiye canjin da aka yi a kod, ya kunna agogo, haɗe gyara ya kashe shi, in huta gaba ɗaya. Wallahi kar ka yi. Komit alama ce ta cewa an gama wani yanki, ba ta faɗin yaushe aka fara, kuma GitHub ma bai san da ita ba sai ka tura, mutum zai iya yin komit biyar da safe a kwamfutarsa ya tura su tare da daddare, saƙon da n8n zai samu na daddaren ne. Sannan Git, manhajar da ke adana tarihin kod ɗin, yana riƙe lokaci iri biyu a kowane komit, na rubutawa da na shigarwa, in ka sake jera komit ɗinka a kan sabon tushe na biyun ya canza, in kuma aka dunƙule su wuri ɗaya wajen haɗewa tarihin ya koma komit guda. Ina awannin da ka yi kana karanta kod ɗin wani, kana bin diddigin matsala, kana magana da kwastoma, kana tunani kawai hannunka bai taɓa kibod ba? Sau da yawa gyaran layi ɗaya shi ya ci yini guda, layi ɗari biyar kuma aka rubuta cikin awa ɗaya. Agogon da komit ke juyawa zai ba ka lambobi masu kyan gani, lambobin ƙarya ne, kuma da su za a biya mutum ko a yanke masa hukunci. Wannan shi ya fi damuna, don na san akwai shugabannin da za su so wannan tsarin ba don lissafi ba sai don leƙen ma'aikata, kuma wanda zai fi cutuwa shi ne mai natsuwa da ke tunani kafin ya rubuta. Hatta WakaTime, mai auna lokaci da ke zaune cikin editan da kake rubuta kod yana ganin motsinka, abin da ke cikin editan kawai yake gani. Mutum shi zai danna agogo da hannunsa, na'ura ta tanadar masa sunan da zai zaɓa.

Sai wahalhalun saiti, kuma akwai su. Dole sabarka ta kasance tana da adireshin da GitHub zai iya kaiwa gare shi daga intanet, kwamfutar da ke ɗakinka kawai ba za ta yi ba. GitHub yana jiran amsa daƙiƙa 10 ne, in sabar ta faɗi a lokacin ba zai sake turo saƙon da kansa ba, sai ka shiga saiti ka sake turowa, don haka yana da kyau ka sa wani layin aiki da ke zagawa da daddare yana duba ishun da suka kuɓuce. Saƙon ishu kuma ba na buɗewa kawai ba ne, gyara suna, manna lakabi, rufewa, sake buɗewa, duk ta ƙofa ɗaya suke shigowa, in ba ka sa matata ba aiki ɗaya zai fito maka sau huɗu a Clockify. Agogon n8n na asali a kan lokacin New York yake, ka gyara shi tun ranar farko kafin awannin dare su fara tsallakawa wata rana. Makullin GitHub kuma ka yanka mai iyaka, na rumbun da ake buƙata kaɗai, kar ka ba shi na komai don kana sauri.

Zapier, wani sabis mai haɗa manhajoji irin n8n, ya fi shi sauƙin farawa, wannan kam ba musu, babu kula da saba babu gyara, sai dai shi kusan kowane mataki da ya gudana yana ƙirga maka, n8n kuwa a nasu sabis ɗin gudun layin gaba ɗaya suke ƙirgawa, a sabarka kuma kai da ƙarfin na'urarka. In kai kaɗai kake aiki ma ban ga dalilin wannan dogon zancen ba, Clockify yana da ƙarin da ake sa wa burauza wanda ke ɗora maɓallin agogo a kan shafin ishu, ya ishe ka. Masu GitLab, kishiyar GitHub, su kuma tun tuni suna da nasu a ciki, ka rubuta /estimate ka sa kiyasi, ka rubuta /spend ka sa abin da ka ci, kawai ka tuna yini ɗaya a wajensu awa 8 ne ba 24 ba. n8n na tawagar da ke da rumbuna da yawa da kwastomomi da yawa ne, kuma akwai mutum ɗaya a cikinsu da ya yarda zai riƙa leƙa sabar yana sabunta ta. In babu wannan mutumin ku tafi Zapier.