Bibiya bayan aikin kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa: Kano ko komawa waje?

Mutane na yawan tambaya: an yi wa Baba aikin kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa a Indiya ko Masar, shin a ci gaba da ganin likita a Kano, ko dole sai an koma can?

Ta fuskar kuɗi ba sai an daɗe ana magana ba. Tikiti, biza, masauki da ɗan rakiya duk kuɗi ne masu yawa. A nan kuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, sai dai haƙurin layi.

Inda maganar take da nauyi shi ne irin aikin da aka yi. Idan an buɗe kai aka matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, da wuya ya dawo. Idan kuma ta jijiyar cinya aka zura siririyar waya aka cike shi, wani lokaci yakan sake buɗewa, don haka ana maimaita hoton jijiyoyi, kamar na MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu), tsawon shekaru. Likitan da ya yi aikin yana da tsofaffin hotuna, wannan ce fa'idarsa. Amma a karɓo su mana! Har da takardar da ta nuna irin ƙarfen, domin ba kowane ƙarfe ke shiga MRI ba.

Kula da hawan jini da barin sigari kuwa aikin gida ne, jirgi ba ya yin su.

Wanda hotonsa ke fitowa lafiya, Kano ta ishe shi. Wanda aka ga kumburinsa yana dawowa, kuma yana da hali, komawa wurin wanda ya yi aikin ya fi masa.